Stellarium da lissafin kusufin rana: inda ta yi zarra da inda take ruɗa mai gaggawa

Duk sanda aka sanar da kusufin rana, saƙonni iri biyu ne suke cika WhatsApp. Wani ya ce duniya za ta yi duhu na minti shida, wani ya ce ba za a ƙara ganin irinsa ba sai bayan shekara ɗari huɗu. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an cire masa abu ɗaya, wato sunan garin da ake magana a kai. Tsawon kusufi da yawan aukuwarsa ba su da amsa guda sai an san inda mai tambaya yake tsaye. Da wannan ma'auni muka auna Stellarium: shin za ta iya gaya wa mutumin Gusau ko Maraɗi ko Tamale ƙarfe nawa rana za ta fara kamuwa a garinsu, minti nawa za a yi, da shekarar da za a sake?

Za ta iya, in dai ta kwamfuta ce aka ɗauko, kuma aka gyara wasu saiti kafin a yarda da lambobinta.

Stellarium manhaja ce ta kyauta da ke zana sararin sama kamar yadda ido zai gan shi daga kowane wuri, a kowace rana, ta baya ko ta gaba. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara ta a farkon shekarun 2000, 'yan sa-kai suka ci gaba da raya ta, sigar 1.0 ta fito a 2022, daga 2023 kuma ake sa mata lamba da shekara, kamar 23.1 ko 24.2. Tana aiki a Windows da macOS da Linux. Babu talla, babu rajista. Nauyinta 'yan ɗaruruwan megabait ne, don haka mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filashi, domin bayan an ɗora ta ba ta neman intanet don lissafin kusufi. Abin lura shi ne akwai ta waya, Stellarium Mobile, da kuma ta shafin intanet, suna ɗaya amma ba kaya ɗaya ba. Ta waya tana da daɗin gane taurari da dare, kuma za ka iya juya agogonta ka ga wata ya hau kan rana, amma babu tagar lissafi mai suna AstroCalc a cikinta, alhali a nan ne duk amfanin yake ga mai wannan tambaya. Idan laftof ɗinka tsohuwa ce ta buɗe da baƙin allo ko ta rufe kanta, matsalar zane ce, sai ka nemi gajeriyar hanyar da aka rubuta MESA a kanta cikin jerin manhajojin Windows. Takan yi nauyi, amma tana tafiya.

Gyaran farko: ina kake tsaye?

Danna F6, tagar wuri ta buɗe. Kada ka amince da garin da ta zaɓar maka. Idan babu intanet takan fara da Paris, idan akwai kuma tana hasashe ne daga layin da kake amfani da shi, wanda zai iya ajiye mutumin Sakkwato a Legas. Manyan garuruwa suna cikin jerinta, amma da rubutun taswirar Turawa: Maradi babu lanƙwasa, Zinder maimakon Damagaram. Ƙauye kuwa sai ka ɗauko lambobinsa daga GPS na waya ka shigar da hannu, kuma a nan ne kuskure mafi yawa yake. Katsina tana kan digiri 12 da minti 59 arewa, digiri 7 da minti 36 gabas. Wanda ya rubuta 12.59 da 7.36 yana zaton abu ɗaya ne, ya mayar da kansa kusan kilomita 44 kudu da kilomita 26 yamma, domin minti 59 na digiri 0.98 ne, ba 0.59 ba. Ga kallon taurari wannan ba komai ba ne. Ga kusufin da faɗin inuwarsa bai kai kilomita 200 ba, zai iya zama bambancin duhu da rashinsa.

A tagar nan kuma ake zaɓar agogo. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan awa biyu, Saudiyya awa uku. Jadawalin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da yawancin littattafai da agogon duniya, wato GMT, suke rubutu, Stellarium kuma tana bin wanda ka zaɓa, shi ya sa idan ka ga bambancin awa ɗaya cur tsakaninsu, ba lissafi ne ya ɓaci ba.

Sai ka danna F4 ka shiga ɓangaren rana da wata da duniyoyi. Akwai zaɓin ƙara wa wata girma don ya fito da kyau a allo. Kashe shi. Idan yana kunne, wata zai haɗiye rana tun kafin lokaci, kusufin ɓangare ya koma cikakke a idonka. Zaɓin la'akari da gudun haske kuma a bar shi a kunne, tun da hasken rana yana ɗaukar minti 8 da 'yan sakanni kafin ya iso mana. A F2 akwai na lissafi daga doron ƙasa maimakon daga tsakiyar duniya, shi ma dole ya zauna a kunne, domin kusufi gaba ɗayansa al'amari ne na inda idon mai kallo yake.

Gwaji da abin da mutane suka gani da idonsu

Hanyar gane ko ma'auni daidai yake ita ce a auna abin da aka riga aka sani, kuma ƙasar Hausa tana da irin wannan. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar 1427, baƙar inuwar wata ta taso daga Brazil, ta tsallake Atilantika, ta sauka a Ghana, ta bi Togo da Benin, ta shigo Najeriya da ƙarfe 10:21 na safe agogon gida, ta ratsa ta Gusau da Katsina, ta faɗa Nijar ta wajen Maraɗi da ƙarfe 10:37. Minti 16 kacal ta yi a Najeriya. Faɗinta a lokacin kilomita 188, gudunta ya haura kilomita 2,600 a awa.

Sa Katsina a F6, danna F10, shiga shafin kusufi. Za ka ga rukunai: na duk kusufin rana a duniya, na waɗanda ake gani daga inda kake, na husufin wata. Rubuta 2006 a matsayin shekarar farawa, ka zaɓi yawan shekaru, ka danna maɓallin lissafi. Rukunin farko zai ba ka 29 ga Maris da tsawon minti 4 da sakan 7. Wannan shi ne adadin da jaridu suke bugawa, amma babu wanda ya same shi a Katsina. A Sahara aka yi shi, kan iyakar Cadi da Libiya, inda babu kowa sai waɗanda suka yi tattaki. Rukuni na biyu ne naka: lokacin da wata ya fara taɓa gefen rana, lokacin da duhu ya fara, ƙololuwa, ƙarshen duhu, da lokacin da rana ta yaye sarai. A tsakiyar zirin inuwar cikin Najeriya duhun ya fara ne daga minti 3 da sakan 40 a kan iyakar Benin, ya kai minti 3 da sakan 54 a kan iyakar Nijar. Accra ta sami minti 2 da sakan 58. Legas ba ta sami ko sakan ɗaya ba, haka Kano, duk da cewa ɗan siririn yanki ne kawai ya rage na rana a garuruwan biyu. Idan lambobinka sun kauce wa waɗannan da fiye da 'yan sakanni, koma ka duba saitinka.

Danna layin sau biyu, manhajar za ta kai ka ranar da lokacin. Zaɓi rana, danna dogon maɓallin tazara don ta zauna a tsakiya, ka matso da ita. L yana ƙara gudun agogo, J yana rage shi, K ya mayar da shi daidai. Rubutun da ke gefen hagu na allo yana nuna kason da aka rufe, da nisan tsakiyar inuwar daga inda kake. Wannan ɗan rubutu ya fi kowane hoto amfani a aji, domin ɗalibi yana ganin nisan yana raguwa da kilomita arba'in da wani abu kowane minti har inuwar ta rufto masa.

Nan take ake gane cewa kalmar tsawo tana nufin abu uku. Duhun kansa mintuna ne. Daga fara kamuwa zuwa yayewa a gari ɗaya yakan kai awa biyu da rabi zuwa uku idan rana ta yi sama. A duniya baki ɗaya kuma, baƙar inuwar 2006 ta yi awa 3 da minti 12 tana tafiya, ta ci kilomita 14,500, amma ba ta rufe ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na doron duniya ba. Ga limami da kwamitin masallaci, adadi na biyu ne abin nema, tun da lokacin sallar kusufi daga farawa ne zuwa yayewa, kuma ana yin ta ko da ɓangare ne ya kamu. Jadawalin gida, wato rukuni na biyun nan, yana ba da wannan a layi guda, kuma ana iya fitar da shi a buga a takarda.

Me ya sa wani minti biyu, wani minti bakwai

Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa suke kama da girma ɗaya. Amma nisan ba ya tsayawa. Wata yakan matso zuwa kusan kilomita 356,500, ya kuma ja da baya har kusan 406,700. Rana tana kilomita miliyan 147 a farkon Janairu, miliyan 152 a farkon Yuli. Idan wata ya matso, rana kuma ta yi nisa, ya rufe ta har da rara, inuwa ta yi faɗi, duhu ya daɗe. Idan akasin haka ne, wata ya gaza rufe ta, sai a ga zoben wuta kewaye da shi. Wannan shi ne kusufin zobe, wanda zai iya kaiwa kusan minti 12 da rabi. Na 15 ga Janairu 2010 ya yi minti 11 da sakan 8, amma gari ba ya yin duhu a irinsa, kuma babu sakan ɗaya da ido zai iya kallonsa tsirara.

Abu na uku shi ne juyawar duniya. Inuwa gabas take gudu, ƙasa ma gabas take juyawa, kuma a tsakiyar duniya, kan layin ikwaita, tana gudun kilomita 1,670 a awa. Mutumin da ke can da tsakar rana kamar yana bin inuwar ne a guje, sai ta daɗe kafin ta wuce shi. Idan aka haɗa duka, iyakar abin da lissafi ya yarda da shi minti 7 da sakan 32 ne. Jera jadawalin duniya bisa tsawo, za ka ga dogayen sun taru a Yuni da Yuli: 20 ga Yuni 1955 minti 7 da sakan 8, 30 ga Yuni 1973 minti 7 da sakan 4, 11 ga Yuli 1991 minti 6 da sakan 53, 22 ga Yuli 2009 minti 6 da sakan 39. Na 1973 a arewacin Nijar ya kai ƙololuwarsa, kuma a ranar ce masana suka hau jirgin Concorde daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar a kan Sahara da gudun da ya ninka na sauti biyu, suka zauna cikin duhu minti 74, suka sauka a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau.

Akwai wata ƙa'ida da manhajar ba ta rubuta ba, amma kana iya ganin ta idan kana matsar da wurinka kaɗan-kaɗan. Duhu ba ya raguwa a hankali daidai da nisanka daga tsakiya. Wanda yake rabin hanya tsakanin tsakiyar ziri da bakinsa yana samun kashi 87 cikin ɗari na tsawon. Wanda ya ci kashi tara cikin goma na hanyar yana samun kashi 44. Daga nan sai ya zube gaba ɗaya cikin 'yan kilomitoci. Ma'ana, ba sai an wahala an kai tsakiya cif ba, amma kada a tsaya a baki.

Sau nawa

A duniya, kowace shekara ba a rasa kusufin rana biyu, kuma ba ya wuce biyar. Biyar ɗin ma da wuya: an yi a 1935, sai kuma 2206. Dalilin da ya sa ba a yi duk ƙarshen wata shi ne hanyar wata ta karkace daga ta rana da kusan digiri 5, sai inuwar ta riƙa wucewa ta saman duniya ko ta ƙasanta. Sau biyu a shekara ne kawai hanyoyin suke daidaita, kowanne na tsawon kwana 34 ko makamancin haka, kuma tsakaninsu kwana 173. Wannan kaka ta kusufi tana ja da baya da kusan kwana 19 kowace shekarar Miladiyya.

Sa 2001 da shekara 100 a rukunin duniya. Abin da ya kamata ka samu shi ne 224: na ɓangare 77, na zobe 72, cikakku 68, sai guda 7 ruwa-biyu, waɗanda suke zobe a wani sashe na hanyarsu, cikakku a wani, kamar na 3 ga Nuwamba 2013 da ya ratsa Gabon da Uganda, aka ga ɓangarensa a Najeriya. Masanan taurari Fred Espenak da Jean Meeus sun ƙirga wa NASA na shekara dubu biyar, suka sami 11,898, cikakku 3,173. Wato duk bayan kimanin wata 18 ana yin cikakke a wani wuri. Daga nan ka koma rukunin gida da shekarun nan ɗari. Jerin zai ragu sosai, ya koma kusan ɗaya duk shekara biyu zuwa uku, kuma kusan dukkansu na ɓangare. Cikakke a gari guda, matsakaicin da Meeus ya fitar shekara 375 ne. Daga nan maganar shekara ɗari huɗu ta fito. Amma matsakaici ne, ba alkawari ba. Garin Carbondale na jihar Illinois a Amurka ya samu a 2017 ya sake samu a 2024. Wani yanki na gaɓar Angola ya samu a Yunin 2001 da Disambar 2002. Ghana ta jira daga 1947 zuwa 2006. Wani garin kuma ya shekara dubu shiru.

Gurbin da muka fi so a jadawalin shi ne na Saros, wanda yawancin mutane suke tsallakewa. Bayan wata 223, wato kwana 6,585 da sulusi, rana da wata da duniya suna komawa kusan yadda suke, sai a haifi kusufi mai kama da na baya. A Miladiyya shekara 18 ne da kwana 10 ko 11 da awa 8. Ga mai ƙirga da watan Musulunci ya fi sauƙi: shekara 18 da wata 7. Na Katsina ƙarshen Safar 1427 ne. Ƙara 18 da 7, ka faɗa ƙarshen Ramadan 1445, wato 8 ga Afrilu 2024, ranar da Meziko da Amurka da Kanada suka yi duhu, wanda ya kai minti 4 da sakan 28 a Meziko, ana gab da ƙaramar Sallah. Gidan Saros ɗaya ne, lamba 139. Awa takwas ɗin nan ce ta sa duniya ta ƙara juyawa sulusi, inuwar ta koma yamma. Za ka iya gwadawa da hannu: a tagar F5 akwai shafin ƙidayar ranaku ta Juliyan, inda ƙololuwar 2006 take 2453823.92. Ƙara mata 6585.32, ka mayar da wurinka Meziko, ka ga abin da zai faru.

Sau uku kuwa sulusin ya cika kwana guda, inuwar ta dawo yankinta. Shekara 54 kafin 2006, ranar 25 ga Fabrairu 1952, gidan nan ya rufe Khartoum. Shekara 54 bayanta, 30 ga Afrilu 2060, zai sake ratsa Afirka ta Yamma zuwa Libiya da minti 5 da sakan 15. Ya fara a 1501, zai ƙare a 2763, kuma shi zai haifi na 16 ga Yuli 2186 mai minti 7 da sakan 29, wanda ya fi kowane tsawo cikin dubban shekarun da aka lissafa.

Inda take gazawa

Na farko laifin gabatarwa ne. Adadin da jadawalin yake nunawa a matsayin girman kusufi na faɗin rana ne, ba na fuskarta ba. Idan ka ga 0.5, rabin faɗin ne ya shige, amma fuskar da aka rufe kashi 39 ce cikin ɗari. Legas a 2006 ta sami 0.968. Manhajar ba ta bayyana bambancin a wurin ba, sai ka je rubutun gefen allo ka ga adadin biyu daban. Masu sanarwa da yawa a nan suke zamewa. Kuma ko kashi 99 aka rufe, ragowar ya fi hasken wata ɗan daren sha huɗu sau dubbai, shi ya sa Kano ba ta ga abin da Katsina ta gani ba.

Na biyu, tana ɗaukar wata a matsayin ƙwallo sumul, alhali gefensa duwatsu ne da kwaruruka. A tsakiyar ziri wannan sakan ɗaya ko biyu ne. A baki kuwa, inda manhajar ta ce duhun sakan goma, hasken rana zai iya ci gaba da tsiyaya ta kwaruruka har a ƙare ba a yi duhu ba. Kada a yanke shawarar wurin tsayawa da ita idan tazarar kilomita biyu ko uku ce daga baki. Farin rawanin da take zanawa kewaye da rana a lokacin duhu ma hoto ɗaya ne da aka ajiye, ba hasashen yadda zai kasance a ranar ba.

Na uku ya shafi masu tarihi. Juyawar duniya tana raguwa a hankali, don haka agogon lissafi da agogon ƙasa suna rabuwa. A yau tazarar kusan sakan 69 ce. A ƙarni na bakwai ta haura awa ɗaya, kuma awa ɗaya digiri 15 ce a taswira. Stellarium tana gyara wannan da kanta da tsarin Espenak da Meeus, amma a F2, shafin lokaci, akwai dogon jerin wasu tsare-tsaren, har da na rashin gyara. Kada ka taɓa sai ka san dalili. Gwaji mai kyau shi ne Madina, 27 ga Janairu 632, kusufin da masu lissafi suke dangantawa da ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Za ka ga ya kama da safe, ɓangare ne babba, ba cikakke ba. Kashe gyaran ka ga yadda lokacin ya gusa. Ka tuna kuma kafin 15 ga Oktoba 1582 tana amfani da tsohuwar kalandar Juliyan, kuma a shekarun da ba a ƙirƙiro agogon ƙasashe ba tana bin agogon ranar garin. Akwai ƙarin manhaja a cikinta mai nuna kalandar Hijira, sai dai ta lissafi ce, takan saɓa da ganin wata da Sarkin Musulmi yake sanarwa da kwana ɗaya ko biyu. Mai neman ƙarin daidaito zai iya sauke fayil ɗin DE440, jadawalin matsayin rana da wata da duniyoyi na cibiyar JPL ta NASA, wanda ya ƙunshi 1550 zuwa 2650, amma don sanarwar masallaci ko darasin aji ba a buƙatarsa.

Tagar AstroCalc kanta cunkushe take, rubutu ƙanana, gurabe da yawa, babu mai yi maka jagora. Ana iya juya manhajar zuwa Faransanci ko Larabci, wanda zai taimaki malaman Nijar da Cadi da Sudan. Taswirar hanyar inuwa ma ba ita ce ƙarfinta ba. Sababbin sigogi suna fitar da fayil ɗin taswira na KML da za a buɗe a Google Earth, amma mai son ya ga taswira nan take ya taɓa gari a ba shi lokaci, shafin timeanddate ya fi masa sauƙi, in yana da data. Stellarium ta fi shi ne a wurin aiki ba intanet, da zurfin shekaru, da nuna dalili.

Ba ta san hadari ba, ba ta san hazo ba. Wannan ya shafi biyun da ke tafe. Na 2 ga Agusta 2027, ƙarshen Safar 1449, zai bi Tanja da Oran da Sfax da Bengazi, ya kai minti 6 da sakan 23 kusa da Luxor a Masar, ya tsallaka Jidda da kusan minti 6, Makka da sama da minti 5. Shi ne mai minti shidan da ake yayatawa, kuma a ziri ɗaya ne mai faɗin kilomita 258, ba duniya ba. A ƙasar Hausa ɓangare za a gani da hantsi, a tsakiyar damina, don haka sai abin da sama ta yi. Masu niyyar Umara a lokacin su ne da riba. Na 20 ga Maris 2034, ƙarshen Zulhijja 1455, shi ne na Najeriya: zai sauka ta Legas da birnin Benin da hantsi, ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa arewacin Kamaru, ya kai minti 4 da sakan 9 a Cadi, ya wuce Sudan da Masar da Saudiyya. Zirin bai kai na 2006 faɗi ba, don haka garuruwan da ke kan hanyar su shigar da lambobinsu daidai maimakon dogaro da sunan jiha.

Allon kwamfuta yana saba wa mutum da zura wa rana ido, abin da ba zai yiwu a waje ba. Sai da tabarau mai lambar ISO 12312-2 wanda bai huje ba, ko gilashin masu walda lamba 14. Baƙin tabarau na kwalliya, da fim ɗin hoton asibiti, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, da kallo cikin ruwan baho duk ba sa kare ido, kuma ƙunar ba ta zafi a lokacin, sai daga baya a ga tabo a tsakiyar gani. Wanda bai samu ba ya juya wa rana baya, ya riƙe matsami ko rariya mai manyan huda a kan farar takarda, ko ya tsaya ƙarƙashin darbejiya ya dubi ƙasa. Kowane ɗigon haske da ya ratso ganye zai koma lauje, bakinsa yana juyawa yayin da wata yake wucewa. Ana cire tabarau ne kawai tsakanin lokutan nan biyu na tsakiya a jadawalin gida, farkon duhu da ƙarshensa, kuma idan guraben nan biyu babu komai a cikinsu a layin garinku, to ba a cirewa ko kaɗan.